Ƙafar Tahir Tana Kallon Ƙofa

Masu karatu, yau ba zan ja ku da doguwar gaisuwa ba, bakina ɗaci yake yi. Wanda ya saba bina ya san ni. Wanda yau ya faɗo, sunana Sauda, gidanmu yana Umarari a nan Maiduguri. Na gama jami'a, kwamfuta na karanta, aiki bai samu ba, aure bai samu ba. Abu biyu nake riƙe da su: wani gem na waya da muke haɗawa ni da ƙawata Nkiru, sai kuma Tahir, wanda nake jira ya turo manyansa gidanmu.

Bari in fara da gida, don can ne wutar take. Ƙanwata Ammatullahi ta samu manemi tun bara, malamin makaranta ne a Jiddari Polo, yaron kirki. Danginsa suka zo tambaya, Baba ya karɓe su hannu biyu, aka sha shayi aka ci dabino, sannan ya ce su yi haƙuri, a gidansa ba a tsallake babba a aurar da ƙarama. Baba ba mafaɗaci ba ne, kuma bai taɓa nuna mini wani ya ce ga mijinki ba. Cewa ya yi duk ranar da wanda nake so ya turo, sai a haɗa biki biyu a huta. Tun daga nan na zama katanga a gaban ƙanwata. Ba ta taɓa faɗa mini da baki ba. Amma sau nawa zan shiga ɗaki in same ta ta buɗe akwatin da Mama ta tara mata, tana turara lafayoyin ciki don kada su yi warin ajiya, tana ganina sai ta rufe da sauri ta ce kyankyaso take nema.

Shi kuwa Tahir ruwa ne ya kawo shi. Shekarar da ambaliya ta ci gari, unguwarsu ta Gamboru ta nutse. Mahaifiyarsa Ya Gana ƙawar Mama ce tun suna 'yan mata, sai ga su a ƙofarmu ita da 'ya'yanta, jiƙe sharkaf, ko ƙunshin kaya babu. Mama ta ba su ɗakinta. Tahir, babban ɗanta, mai sayar da huluna a kasuwa, shi aka shimfiɗa wa a zaure. Suka zauna da mu har ruwa ya janye, aka kwashe laka, bango ya bushe. Bayan sun koma ba da daɗewa ba, wata Juma'a da la'asar, aka ce ana sallama da Sauda. Na fita, Tahir ne. Ranar Mama da Ya Gana sun ƙone kati a waya suna dariya. Tun daga nan Juma'a ba ta wuce shi.

Dogo ne, baƙi, ba ya son magana. Na kamu, kuma kada wani ya zo mini da cewa sabo ne ba so ba. Na san abin da nake ji in an ce ya iso. Abin da ban sani ba shi ne ranar da zai turo. In Mama ta matsa na ɗan taɓo maganar, sai ya ce komai da lokacinsa.

Gem ɗin kuma ga yadda yake. Ka buɗe a wayarka, kai ne yarinyar. Ba ka ganinta, da idonta kake gani. Kana zaune a zaure, saurayi ya zo zance, maganarsa ta fito a rubuce, sai a jera maka amsoshi ka zaɓi wadda za ka mayar. Abin da ka riƙa zaɓa shi zai kai ka ga aure ko rabuwa. Ni nake rubuta hirar ina haɗa injin, Nkiru take zane. Haifaffiyar Gamboru ce, Kanurinta ma ya fi nawa. Babanta Oga Onyema yana da shagon kayan wuta, a bayan shagon muke zama tsakanin kwalayen fanka da ƙwan lantarki, don can ne solarsu ba ta yankewa.

Da za mu fara ta ce in kwatanta mata zaurenmu. Na kwatanta: jar darduma, kaskon turare yana hayaƙi, tiren shayi, hannuwana da lalle a kan cinya, bakin lafaya. Sai ƙafafun saurayin. Waɗannan kam na ba ta su dalla-dalla, don su na fi sani a jikin Tahir. Ta dama a kan darduma. Ta hagu a bakin darduma, rabinta cikin takalmi, ta ɗan karkace, babban yatsa yana motsi. Makullin shago yana lilo a hannu kusa da gwiwa. Ta zana tsaf, har tabon da ke idon sawunsa. Sai ta ce to fuskar fa? Na ce wace fuska? 'Yar gidan mutunci ba ta ƙura wa saurayi ido a zance. Nongu muke ce mata a nan, kunya ke nan, kuma da ita aka yaye mu. Ba wai ban san kamanninsa ba, ya zauna a gidanmu. Amma a kan dardumar nan ban taɓa ɗaga kai ba. Nkiru ta yi tsalle ta ce ai wannan shi ne zai bambanta mu da kowa, duk duniya ba gem ɗin da ake soyayya kai a sunkuye. Muka tafa.

Da muka gama kashin farko, ta buɗe guruf a WhatsApp ta zuba mutane: 'yan ajinmu, 'yan cocinsu, har da wasu daga Kano da Yola da ban san su ba. Ta tura musu ta ce kowa ya buga ya faɗi gaskiya, ba a son yabo.

Suka faɗi gaskiyar kuwa.

Ranar Talata na samu Nkiru a bayan shago ta baje a kan kwali, tana cin gyaɗa tana dariya ita kaɗai. Ta ce in zauna in sha labari. Wata 'yar Kano ta ce hayaƙin turaren ya yi kyau har ta kusa jin ƙanshinsa, amma wuyanta ya ƙage saboda sunkuyo, alhali a kwance ta buga. Wani ya ce a ƙara girman rubutu. Wani ya ce gem ɗin yana cin caji. Sai wani ɗan ajinmu mai shegen baki, Obadiah, ya rubuto:

"Wai gem ɗin soyayya ne ko tallan takalmi? Na haddace yatsun mutumin nan kaf. In na gamu da su a kasuwa sai na tsuguna mun gaisa."

Na yi dariya har da hawaye. Dariyata ta ƙarshe ke nan a makon.

Daga nan ƙorafin ya zama iri ɗaya, mutum bayan mutum. Wai akwai matsala a injin, duk amsar da ka zaɓa saurayin abu ɗaya yake cewa. Obadiah har ya ɗauko hotuna ya jera. Ya zaɓi "Na yi kewarka," saurayi ya ce, "To, ba komai. Allah ya sa mu dace." Ya koma baya ya zaɓi "Jiya ban ji daɗi ba," saurayi ya ce, "To, ba komai. Allah ya sa mu dace." Ya zaɓi "Me ka fi so a tare da ni?" amsar ba ta canza ba. Ya ce ko dai injinmu ya lalace, ko dai saurayin rediyo ne.

Nkiru ta turo mini laftof ta ce, "Hajiya injiniya, kin haɗa wayoyin a wuri ɗaya. Gyara mana kafin su gama da mu."

Na buɗe na bi layi-layi. Ba inda na haɗa komai ba daidai ba. Kowace amsa da gurbinta daban, kuma kowane gurbi ni na cika shi da hannuna, a ranaku daban-daban. Na tuna yadda nake yi. Sai in rufe ido in ce, in na faɗa wa Tahir haka me zai ce? Abin da kunnena ya jiyo shi hannuna yake rubutawa. Ban taɓa jera su wuri ɗaya na kalla ba sai da Obadiah ya jera mini.

Na ce mata ba matsala a injin. Ta dube ni, ta ajiye gyaɗar.

Akwai saƙon murya guda da ba ta kunna ba tukuna, na wata mata mai suna Phebe, 'yar cocinsu, matar aure da 'ya'ya. Ta kunna. Ana jin ƙarar ludayi da tukunya a bayan muryar.

"Nkiru, ni ba gyara na zo da shi ba, gaisuwa na zo yi wa wanda ya tsara abin nan. Kun iya mugunta. Namijin da ya zo don kansa zubar da takalmi yake yi ya naɗe ƙafa, sai an kore shi. Wannan ƙafarsa ɗaya tana cikin takalmi tana kallon ƙofa. Aiko shi aka yi. Na san zaman nan, an yi mini shi kafin in gamu da baban yarana. Ita kuma baiwar Allah tana ta zaɓen magana mai daɗi. Har na yi ƙwalla. Ku dai sa mata wurin da za ta danna ta ɗaga kai, ko ta samu ta tsira."

Matar nan ta ɗauka da gangan muka yi. Ta ɗauka labarin baƙin ciki muka tsara.

Ana jiyo muryar Oga Onyema daga gaba yana ciniki da wani a kan fanka. Nkiru ta ce a hankali ita dai abin da na faɗa mata ta zana, ba ta ƙara ko ɗigo ba. Na hau ta da faɗa. Na ce wace ce Phebe, a ina ta san Tahir? Mazanmu ba su da surutu, ba irin samarinku ba ne masu zuba kamar famfo. Na ce zauren namu ƙarami ne, dole ƙafar dogon mutum ta karkace. Na faɗi maganganu da yawa, har da waɗanda ba su kamata ba. Ta bar ni na gama.

"Na ji," ta ce. "Amma kowa a guruf ya ce a sa ɗaga kai, kuma ni ba zan zana fuskar da ba a kwatanta mini ba. Ranar Juma'a ki kalle shi ki kawo mini. Ki kuma jefa masa wata magana da bai saba ji ba, mu samu amsa ta biyu. Aiki na aike ki, ƙawata, ba wani abu ba."

Ƙarya take yi, ni da ita duk mun sani.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na hau hirarmu ta waya ina ja sama, ina ja, har farko. Nawa saƙonnin dogaye, da addu'a, da tambayar ya kasuwa, ya jikin Ya Gana, ka ci abinci? Nasa kuwa hoton fure mai "Juma'a mai albarka" wanda kowa yake tura wa kowa, sai hoton babban yatsa, sai "Amin." Na nemi wuri ɗaya da ya fara tambayata wani abu da ya shafe ni. Na samu guda: ya taɓa tambaya ko Baba yana gida, zai kawo masa hula. A da ina karanta waɗannan in ce kamun kai ne. Yanzu muryar Phebe da ƙarar ludayinta sun shiga kunnena sun ƙi fita.

Ga Mama kuma. Ranar Alhamis muna tsince shinkafa ta ce surukan Ammatullahi sun sake aikowa, cikin ladabi dai, amma sun sake. Ta ce mutane ba sa jira har abada, in yaron nan ya gaji ya tafi, da wane ido zan kalli ƙanwata? Ta ce ita da Ya Gana sun gama magana tuntuni, saura ni in iya bakina. Wai mace ita take sa namiji ya faɗi rana. Na ce to.

Juma'a ta zo da zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Na yi wanka, Ammatullahi ta zaunar da ni a kan kasko ta lulluɓe ni har turare ya kama jikina. Ta fito mini da lafayarta ruwan zuma mai ɗigon zinariya, cikin na akwatin, wadda ko taɓawa ba ta bari a yi. Ita ta naɗa mini, ta shafa mini humra a wuya da bayan kunne, ta ja baya ta ƙare mini kallo.

"Ya Sauda, in yau ma bai faɗi rana ba, sai a kai shi asibiti a duba hancinsa."

Ta yi dariya, ta sake gyara mini bakin lafaya.

Bayan la'asar ya yi sallama. Na ɗauki tire na fita. Muka gaisa irin tamu, wushe, wushe, ya gida, ya Baba, ya Mama, ya zafi, kalewa, kalewa, har gaisuwar ta ƙare don kanta. Na zuba masa shayi. Na sunkuyar da kai yadda na saba, sai ga zanen Nkiru a gabana, ba bambanci ko kaɗan. Ta dama a kan darduma. Ta hagu rabi a takalmi, ta juya wajen titi. Yatsa yana motsi, makulli yana lilo.

Na yi masa ƙarya. Na ce wani kamfani a Abuja ya ga aikinmu, suna so in je, kuma in na tafi ban san ranar dawowa ba.

"To, ba komai," ya ce. "Allah ya sa mu dace."

Masu karatu, ban san kai yana da nauyi haka ba. Kamar an ɗora mini turmi. Na ji muryar kakata, na ji ta Mama, duk suna cewa ke, ba a yi. Na ɗaga.

Ba waya yake dannawa ba, da ma ita ce da na samu abin zargi. Bango yake kallo, daidai ƙusar da yake rataye rigarsa lokacin da yake kwana a zauren. Fuskarsa irin ta mutumin da ke layin asibiti, ya san sai an kira shi, ya haƙura. Ba fushi, ba murna. Na daɗe ina kallonsa bai ma san ina yi ba. Ashe duk Juma'o'in nan da nake sunkuye ina jin kunyar idonsa, ba idon kowa a kaina.

Na ce, "Tahir."

Ya ce na'am, bai juyo ba.

"In na ce mu bar maganar nan, me za ka ce?"

Na gani da idona, ba wanda ya ba ni labari. Kafaɗunsa suka sauka. Goshinsa ya saki. Kun taɓa ganin ɗan dako an sauke masa buhu? Haka fuskarsa ta yi, har wani haske ya gilma a cikinta, kuma wallahi ban taɓa ganin ya yi kyau irin na lokacin ba. Sai ya juyo, idonsa ya faɗa cikin nawa. Ya gane na gani. Hasken ya mutu, ya shiga kame-kame, makullin ya faɗi a kan darduma.

Ya ce wace irin magana ce wannan. Ya ce ranar da suka zo gidan nan mahaifiyarsa ko mayafi babu a kanta, Mama ce ta cire nata ta rufe ta. Baba ya ba shi rigarsa ta Juma'a ya sa. Mun ciyar da su ba mu taɓa haɗa fuska ba. Ya ce shi ba butulu ba ne, Ya Gana kullum sai ta tuna masa, kuma ko ba ta tuna masa ba shi ya sani. Tunda nake da shi bai taɓa jera magana mai tsawon wannan ba, kuma duk a cikinta ba sunana.

"Ba wannan na tambaye ka ba," na ce. "Kana sona?"

Ya kalli tire. Ya kalli kasko.

"Ba ki da aibu, Sauda."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na ji hawaye yana tahowa na danne shi, don na rantse ba zan yi a gabansa ba. Shi kuma ganin fuskata ya ruɗe gaba ɗaya, kamar wanda aka kama da kayan sata. Ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in kwantar da hankalina, shi ba zai ba gidan nan kunya ba, Asabar mai zuwa kawunnansa za su zo wurin Baba, ya gama magana.

Ashe Mama tana bayan labule da jug ɗin ardeb, ruwan tsamiya mai sanyi, da ta kawo masa. Ba ta ji farko ba. Ƙarshen ta ji. Sai guɗa ta tashi a tsakar gida.

Tahir ya tsaya kamar an dasa shi. Ya sunkuya ya ɗauki makullinsa, ya ce a gaida Baba, ya fita.

Na shiga gida na tarar an juya shi. Mama ta ajiye jug a ƙasa tana kiran Ya Gana, tana cewa ƙawata Allah ya yi, Allah ya yi. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar me ya faru. Ammatullahi ta ruƙunƙume ni tana kuka a kafaɗata, tana cewa na gode Ya Sauda, na gode, kamar wani abu na ba ta. Ta ce lafayar ta zama tawa, ta bar mini. Ta shige ɗaki da waya, na jiyo ta tana cewa, "Malam, ka zauna tukuna, albishirinka." Ba wanda ya kalli fuskata. Wanda ya kalla ma ya ce kunyar amarya ce.

Bayan magariba Baba ya dawo daga masallaci ya aika a kira ni. Yana zaune a kan buzunsa da carbi, tabarau a goshi. Mama ta zauna a gefe. Ammatullahi ta laɓe a bakin ƙofa, ina ganin inuwarta. Na durƙusa.

Baba ya ce ya ji labari, ya kuma yi murna, don yaron ya zauna a gidansa ya ga halinsa, ba ya wasa da salla, ba ya ɗaga ido ya kalli babba. Sannan ya ajiye carbin.

"Amma ni ban taɓa yi miki dole ba, Sauda, ba kuma zan fara yau ba. In da wani abu a ranki, faɗa mini yanzu, kafin in kira 'yan'uwana. In na kira su magana ta fita daga hannuna."

Ga ƙofa a buɗe, Baba da kansa ya buɗe mini. Maganar tana bakina, gajeriya ce: Baba, ba ya sona. Na ji numfashin Ammatullahi a bayan ƙofa. Na ga hannun Mama a kan gwiwarta, ta damƙe zani. Zan iya ce muku saboda su na yi shiru, ku ce Allah sarki, 'yar kirki. Amma na yi alkawari ba zan yi muku ƙarya ba. Akwai su a ciki. Sauran kuwa ni ce. Wata zuciya tana ce mini ai zai zo, ai zai zauna a ɗakinki, yau da gobe ba ta bar komai ba, wataƙila wata rana ya juyo. Na ga fuskar mutumin da idona, kuma duk da haka ina sonsa. Wannan ita ce masifar.

Baba ya sake tambaya. Ya ƙara. Ban ce komai ba.

"To, alhamdulillahi," ya ce. "Shirun budurwa amsa ce. Allah ya yi miki albarka. Tashi ki je."

Ya sauko da tabarau ya jawo wayarsa.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da lafayar a jikina. Waya ta yi ƙara. Nkiru ce: "Yaya? Kin samo mini fuskar?" A guruf ana ta musu, Obadiah yana cewa shi a bar saurayin yadda yake, ya fara ba shi tausayi. Na kife wayar. Ta sake ƙara. Na ɗauka zan kashe ta gaba ɗaya, sai na ga sunan Tahir. Ba fure, ba babban yatsa. Rubutu ne da hannunsa, har da kurakurai.

"Sauda ki yafe mini. Abin da kika gani gaskiya ne. Na yi ta roƙon Allah ya sa mini ke a zuciya bai sa ba. Ni ba zan iya janyewa ba, Ya Gana ba za ta yafe mini ba, kuma ba zan iya kallon Baba ba. Amma ke in kika ce kin fasa ba wanda zai ce komai, Baba yana jin maganarki. Don Allah ki taimake ni ki faɗa masa yau kafin magana ta fita. Daga bakinki zai fi sauƙi."

Na karanta na sake karantawa. Karo na farko ke nan da Tahir ya roƙe ni wani abu.

Ta bango ina jiyo muryar Baba, ya ɗaga ta yadda yake yi in yana magana da yayansa mai nauyin kunne. Yana cewa e, Asabar, su zo da wuri, a faɗa wa dangi na Bama da na Konduga, bikin yaran duka biyun za a haɗa.